Oba-oban mota na fito in an taka totur, wane iri zan saya?

Ɗan Farin Gada: Salamu alaikum jama'ar zaure, barkanmu da warhaka. Don Allah masu sanin harkar oba-oba ku taimaka min da shawara. Muna da Hilux ɗaya mai fetur da Kanta biyu da muke ɗauko dankali da kabeji daga wajen Bokkos da Mangu zuwa kasuwar Farin Gada a Jos, to kun san in aka nutsa ƙauyukan nan sabis ɗin waya sai a hankali, shi ya sa muka sa oba-oba a motocin da guda ɗaya a shago. Matsalar ita ce na cikin Hilux in mota na kashe lafiya lau yake, da an tada ta sai ya fara wani fito wiiii, in ka taka totur fiton ya hau sama in ka saki ya sauko, direba ba ya jin komai sai ya faka ya kashe mota tukun. Ni dai na gaji, so nake in kwashe su duka in sayi masu kyau da ba su kwasar ƙarar lantarki. Wane iri ne ya fi? Kuɗin ba wai akwai su jibge ba ne amma gara in saya sau ɗaya in huta.

Mai Shagon Oba-oba: Wa alaikumus salam Alhaji. Dijital kawai za ka koma, Motorola DM ko Hytera MD, magana na fita tas babu shuuu babu wiii. Duk wanda ya sa su bai dawo min da ƙorafi ba. Wanda ke motarka wane iri ne?

Ɗan Farin Gada: Wlh ko sunan kirki babu a jiki, wani yaro ne ya kawo min daga Legas, ƙarami ne baƙi, a ramin laita ake jona shi, eriyar kuma mai maganaɗisu ce muna ɗora ta a gefen rufi.

Mai Shagon Oba-oba: Ai shikenan ka ba kanka amsa, araha ba ta ado Alhaji 😂

Riwayan Dilimi: Oga mai shago a yi haƙuri, kar a sa bawan Allah ya kashe kuɗi tukuna. Fiton da ke bin totur ai altaneta ce, wannan ko rediyon mota na jin waƙa yana yin sa in wayarin bai yi ba. Ko na miliyan ya saya in ya sake cusa shi a ramin laita zai iya jin abin nan. Ramin laita layinsa ɗaya da tarkace da yawa a mota, wayarsa siririya, baƙar wayarsa kuma a wani ɗan kusa take a bayan dashbod wanda ƙila ya yi tsatsa tun tuni.

Injiniya: Riwaya ya faɗi gaskiya. Alhaji kafin ka sayi komai ka yi gwaji uku, ko sisi ba za su ci maka ba.

Na farko, ka tada mota ka bar fiton ya fito sosai, sai ka kwance wayar eriya daga bayan rediyon (kar ka danna makirfo ka yi magana a lokacin fa, watsa magana ba eriya yana iya ƙona shi). In ƙarar ta ɗauke to ta eriya take shigowa, in tana nan daram to ta wayar wuta ce. In rediyon ya yi tsit gaba ɗaya ka buɗe sukwalc ɗinsa, wato maɓallin da aka rubuta SQL mai rufe sifika in ba kowa ke magana, ka mai da shi sifili don ka ji abin da ke ƙasa.

Na biyu, ka samo wani batir daban ka ajiye a ƙasan kujera ka jona rediyon a kai shi kaɗai, mota na aiki. In ya yi tsaf ka san wutar motar ce ke da datti.

Na uku, ka cire duk wata caja da ke jone a motar, ka kashe fitilun LED in ka ƙara su, sannan ka dinga mai da su ɗaya bayan ɗaya kana saurare.

Kuma ka kula da irin ƙarar don kowace da mai ita. Fito mai hawa da sauka da totur altaneta. Tas-tas-tas mai ƙara sauri in an ba mota wuta fulogi ne da kwayil. Ƙugi mai tsayawa wuri ɗaya da ke farawa tun ka murɗa makulli kafin inji ya tashi famfon mai ne. Wanda ke zuwa sai an kunna waifa ko fankar AC ai ba sai an faɗa maka ba.

Hajiyar Dankali: Ina biye da ku don mu ma irin matsalar ke gare mu, sai dai namu ko mota a kashe yake yi in yaran nan sun jona wayoyinsu.

Injiniya: Hajiya wannan cajar ce kai tsaye. Ƙananan cajojin nan na ramin laita suna sauke bolt 12 zuwa 5 ne ta hanyar kunna wuta da kashewa sau dubbai ɗaruruwa a daƙiƙa ɗaya, masu kyau an sa musu filta a ciki, na banzan an cire don a rage kuɗi, to sai su zama ƙaramin gidan rediyo mai watsa shara a cikin motar. Ki canza caja kawai ki gani. Haka dogayen fitilun LED da 'yan Hilux ke ɗaurawa a kan rufi, wasu da ka kunna su oba-oba ya kurmance, kuma abin haushin ba lallai ka ji wata ƙara ba, kawai wanda kake ji daga nesa da rana sai ka daina jin sa da daddare ka ɗauka ko yanayi ne.

Ɗan Farin Gada: Kai! Akwai irin fitilar a kan tawa kuwa, kuma eriyar a gefenta take.

Ɗan Bukur: Ni fa abin da na sani in za ka saya ka nemi mai NB a jiki, an ce shi ke yanke ƙarar inji. Wani abokina da ke harkar rediyo ya ce min in babu NB kar ma in kalla.

Injiniya: Ɗan Bukur abokinka ya yi daidai amma a nasa fagen. NB ɗin nan aikinsa shi ne in tartsatsin fulogi ya zo sai ya toshe kunnen rediyon na ɗan ƙiftawar da ba ta kai a ji ba sannan ya buɗe, ana buƙatarsa a rediyon AM da SSB, irin su CB na mita 27 MHz da manyan HF masu dogon zango. Abin da Alhaji ke amfani da shi FM ne a VHF, wato tsakanin 136 da 174 MHz, ko UHF 400 zuwa 470. Shi FM saƙon ba a ƙarfin igiyar yake ba, a jujjuyawar mitarta yake, tartsatsin lantarki kuwa ƙarfin igiya yake taɓawa, to akwai wani sashe a cikin rediyon da ke aske duk wannan tsalle-tsallen kafin a fitar da murya. Shi ya sa yawancin oba-oban mota na VHF ba za ka ga NB a jikinsu ba kuma ba rashin kyau ba ne. Kuma ko a HF ɗin, NB ba ya maganin fiton altaneta, tas-tas kawai ya iya.

Malam Ticha: Ƙarin bayani a kan abin da Injiniya ya ce. Edwin Armstrong da ya ƙirƙiro FM ya samu rajistarsa a 1933, kuma abin da ya sa shi gaba tun farko shi ne wannan ƙarar. 'Yan sandan jihar Connecticut a Amurka su ne suka fara sa FM na kira da amsawa a motocinsu a faɗin jiha a 1940, wanda ya tsara musu Daniel Noble, daga nan kamfanin Galvin ya ɗauke shi, kamfanin da ya zama Motorola. Wato matsalar Alhaji ta girmi kakanninmu a harkar. Jiragen sama ne dai suka tsaya a AM har yau, 118 zuwa 137 MHz.

Ɗan Bukur: Malam Ticha ba ya bari aji ya wuce shi 😄 Allah ya ƙara basira.

Baba Tsohon Direba: Yarana ku bar ni in sa baki. Na yi tuƙi shekaru da wata ƙungiyar agaji, Land Cruiser ce da rediyon HF na Codan a ciki, eriyar nan mai kaurin gindi a gaban bamba. Daga cikin dajin Taraba muke kiran ofis a Abuja ba rifita (na'urar da ke karɓar magana ta sake cilla ta gaba) ba komai. Amma fa ƙara sai wadda ka ji, musamman da damina in hadari ya haɗu a saman Filato, tsawar da aka yi can nesa ma sai ka ji ta ƙarr a cikin sifika. Abin da na gani da idona lokacin da mai haɗawa ya zo shi ne rediyon kansa bai ɗauke shi wani lokaci ba, inda ya ɓata yini shi ne ɗaure jikin motar, ya zo da saƙaƙƙiyar wayar tagulla mai faɗi kamar yatsa biyu, ya kankare fenti har ƙarfe ya fito fes, ya haɗa bonet da bodi, ya haɗa inji da shasi, ƙofar baya da bodi, har salansa sai da ya ɗaure ta wuri biyu. Na ce masa salansa kuma me ya haɗa ta da rediyo, ya ce ai a kan roba take rataye, dogon bututu ne da ke kwaso ƙarar inji ya watsa ta ƙarƙashin mota. Bayan ya gama ya shafa giris a kan kowane kusa saboda tsatsa. Mota dizal ce ma fa babu fulogi.

Riwayan Dilimi: Baba Allah ya ja kwana, wannan aikin yanzu in ka ce za ka yi wa mutum sai ya ce kana son cin kuɗinsa ne.

Ɗan Farin Gada: Baba to ko irin naku zan nema? Tunda har Abuja yake kaiwa.

Baba Tsohon Direba: A'a ɗana wannan ya fi ƙarfin dankali. Tsadarsa daban, lasisinsa daban, kuma shi ne ya fi kowanne kwasar ƙarar da kake gudu. Bokkos zuwa Jos ba ta kai nan ba.

Mai Shagon Oba-oba: Duk na ji bayananku amma ni ina nan a kan bakana. Ku ce ya gyara waya na yarda, amma wannan abin da ke motarsa ba rediyo ba ne. Alhaji ka gaya musu gaskiya, in ka zo kusa da dogayen hasumiyoyin gidajen rediyo ko na kamfanonin waya a cikin gari yana ji?

Ɗan Farin Gada: Gaskiya akwai wuraren da in mun shigo gari yake ɗaukewa ɗif, wani lokaci ma har muryar gidan rediyo nake ji tana kutsowa ciki a dagule.

Mai Shagon Oba-oba: Yauwa. Injiniya wannan ma altaneta ce?

Injiniya: A'a nan kam ka yi gaskiya Oga, wannan rediyon ne. Masu arahar nan yawanci guntun cif ɗaya ne ke yin komai a ciki, ƙofar da sigina ke shiga a buɗe take wangwam ba wata matata ta kirki, to gidan rediyon FM da ke watsawa da dubban wat a 88 zuwa 108 MHz in ka matso kusa sai ya cika masa kunne duk da ba mitarsa ba ce. Kamar ka tsaya a bakin injin markaɗe ne wani na maka raɗa, ba wai mai raɗar ya daina magana ba. Na manyan kamfanoni irin Motorola, Kenwood, Icom, Hytera suna da matatu a gaba masu barin zangon da kake so kaɗai ya wuce.

To Alhaji in za ka saya ga abin dubawa a takardar bayanin rediyon, kar ka tsaya a wat. Kowa wat yake tambaya, 25 ne ko 50, alhali wat na fita ne, matsalarka ta ji ce, ko ka ninka wat ɗin ba abin da zai rage a ƙarar da ke kunnenka. Ka duba lambar da ke nuna yadda yake ƙin tashar maƙwabta da wadda ke nuna yadda yake jure haɗuwar manyan sigina biyu, duk da dB ake rubuta su, na kirki za ka gan su wajen 70 ko kusa da haka, kuma kowane ƙarin 10 dB ninki goma ne ba ƙaramin abu ba. Lambar kaifin ji kuwa, 0.25 ko 0.3 na maikrobolt, kusan kowa na rubuta ta har na banzan, don haka ba ita ke raba su ba. In ka ga rediyo ko takardar babu, ko an rubuta wat kaɗai da manyan baƙi, ka ajiye musu kayansu.

Mai Shagon Oba-oba: Toh ai maganata kenan, ya sayi dijital.

Injiniya: Ba maganarka ba ce Oga, biyu ka haɗa. Rediyo mai kyau daban dijital daban. Akwai analog mai kyau akwai dijital na banza mai irin wancan cif ɗin. DMR, wato dijital ɗin da DM da MD ɗin nan ke yi, tsari ne da hukumar ETSI ta Turai ta fitar a 2005, yana raba tasha ɗaya mai faɗin 12.5 kHz gida biyu mutum biyu su yi magana lokaci guda, kuma gaskiya ne murya na fita ba shuuu don lambobi ake aikawa ana gyara kuskurensu a hanya. Amma ƙarar lantarkin tana nan ba inda ta je, ba ka jin ta ne kawai, tana cin nisan da za ka kai a ɓoye. Analog in sigina ya yi rauni za ka ji mutum cikin shuuu ka tsinci "taya ta fashe a Mangu", dijital kuwa yana tas tas sai muryar ta fara kakkaryewa sai ɗif. Ga wanda ke yawo a bayan duwatsu a ƙarshen zango wannan abin a yi tunani ne.

Mai Shagon Oba-oba: Amma ka faɗa musu cewa DM da MD ɗin suna yin analog ɗin ma, ba wai in ya saya ya rabu da shi ba ne.

Injiniya: Wannan haka ne, suna yin duka biyun. In aljihu ya ɗauka ba laifi. Ni abin da ban yarda ba shi ne a ce masa dijital ne maganin altaneta.

Hajiyar Dankali: Ku biyun nan kullum sai kun yi 😂 Ni tambayata, wani ya sa mana wani abu wai tun, ya ce in an sa ba za mu ƙara jin hayaniya ba, kuma gaskiya sifikar ta daina buɗewa haka kawai. Wannan ba magani ba ne?

Injiniya: CTCSS kenan Hajiya, wani siririn amo ne tsakanin 67 da 254 Hz da rediyonku ke haɗawa da murya, in na ɗaya ɓangaren bai ji shi ba ba zai buɗe sifika ba. Yana hana ki jin shirme lokacin da ba kowa ke magana, yana da amfani sosai, amma da direbanki ya fara magana duk ƙarar da ke wurin za ta biyo shi. Kuma ba sirri ba ne fa, duk wanda ke mitar bai sa tun ba yana jin ku sarai, kar a dinga faɗin nawa aka ɗauko daga banki a kai.

Ɗan Farin Gada: Jama'a na je na yi gwajin da Injiniya ya ce yanzu a gareji. Na cire eriya fiton na nan. Na sa batirin Kanta guda ɗaya a ƙasan kujera na jona, fiton ya tafi gaba ɗaya ko na taka totur har ƙasa. Amma da na mai da eriya na kunna fitilar rufi sai yaron shago da nake ji sarai ya koma can ƙasa cikin shuuu. Cajar kuma ɗaya na yi ɗaya ba ta yi.

Riwayan Dilimi: Alhamdulillah ka ga ɓarayi uku ka kama a zama ɗaya. Yanzu aikin shi ne a ja wa rediyon layinsa daga batir kai tsaye, jar waya mai kauri da fis ɗinta kusa da kan batir ba can wajen rediyo ba, saboda in wayar ta goge a jikin ƙarfe inda ta ratsa zuwa cikin mota fis ɗin ne zai hana gobara, a sa mata roba a ramin. Mai wat 50 yana jan wajen amfiya 10 ko sama in ana magana, ka ga ramin laita wahala kawai yake sha. Baƙar wayar in motar irin sababbin nan ce mai sensa a kan nagatif na batir to a ɗaure ta a bodi inda wayar batir ɗin ta sauka, kar a tsallake sensar. A murɗe ja da baƙar tare kamar igiya, a nisanta su da wayoyin kwayil da na altaneta. In an yi haka fiton bai mutu duka ba akwai filta ta layin wuta da ake sawa kusa da rediyo.

Amma ni zan so in auna altanetar ma, don in dayod ɗaya ya mutu a ciki tana ci gaba da caji sama-sama mutum bai sani ba sai fito ya yi yawa. A sa na'urar awon wuta a sashen AC bolt a ɗora a kan batir mota na aiki, in ya doshi rabin bolt akwai magana.

Ɗan Bukur: Ba sai a cire kan batir mota na aiki ba a gani in za ta mutu? Haka ake gwadawa a garejinmu.

Riwayan Dilimi: Don Allah Ɗan Bukur kar ka bari a yi maka haka a mota mai kwamfuta. Batir shi ke shanye tsallen wutar altaneta, ka cire shi wuta ta yi sama ta ƙona birenbos da rediyon gaba ɗaya. Zamanin 504 ne aka yi wannan aka kwana lafiya.

Injiniya: Saura eriya. Ka ɗauke ta daga gefen fitilar nan ka kai ta tsakiyar rufi, rufin shi ne rabin eriyar, in tana gefe rabin aikin take yi. Mai maganaɗisu ba laifi amma wayarta da ake matsewa a ƙofa kullum tana lalacewa a ciki ba ka gani, in ka daure ka huda rufi a sa mazaunin eriya da ake kira NMO an gama magana, ƙarfe ya taɓa ƙarfe. Tsawonta kuma ba ado ba ne, a 150 MHz wajen santimita 50 ne, a 450 MHz wajen 16, a yanka ta daidai mitarku a auna da na'urar SWR mai nuna ko eriyar ta dace. Fitilar kuma ko ka canza mai kyau ko a sa mata zoben farait mai tace ƙarar lantarki a wayarta daf da jikinta, wani lokaci yana ragewa wani lokaci sai dai a yar.

Ɗan Farin Gada: Huda rufin Hilux kuma Injiniya? Ranar da zan sayar fa?

Mai Shagon Oba-oba: Akwai murfin roba da ake toshewa Alhaji, kuma motar da ta yi shekaru tana hanyar Bokkos ba ramin rufi mai saye zai duba ba 😂

Malam Ticha: Tambaya Injiniya, VHF ko UHF a irin ƙasarmu ta duwatsu? Kuma in duk an gyara zai kai daga Bokkos har Farin Gada?

Injiniya: A fili da ƙauye VHF ya fi tafiya, UHF ya fi a cikin gine-gine kuma ƙarar lantarki ta fi sauƙi a can sama, amma ga aikin Alhaji VHF zan ce. Maganar kaiwa kuwa kar mu yaudare shi. Waɗannan mitocin kusan sai inda ido zai iya hangowa suke zuwa, lissafin da ake yi shi ne ka ɗauki tushen (square root) tsayin eriya daga ƙasa a mita ka ninka da 4 da ɗan kai, ya ba ka kilomita. Eriya a kan mota mai tsayin mita 2 daga ƙasa ta ba ka wajen kilomita 6, mota biyu 12 kenan a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa. In kana kan tudu ya fi haka nesa ba kusa ba, in dutse ya shiga tsakani ko rabi ba za ka samu ba. Jos kanta tana sama da mita 1,200, duwatsun Shere sun haura 1,700, wanda ya samu rifita a wuri mai tsayi irin haka shi ke shan daɗi, amma ka gangara Hawan Kibo ka ga yadda komai ke ɗaukewa. Don haka shago zuwa Bokkos kai tsaye sai da rifita ko doguwar eriya a shago, mota da mota in suna tafe a jere kuwa ba matsala.

Shugaban Zaure: Tunatarwa jama'a tunda an zo maganar rifita. Mita ba ta kowa ba ce a ɗauka kawai, masu amfanin kansu ba na kasuwancin sadarwa ba Ma'aikatar Sadarwa ta Tarayya ce ke ba su lasisi da mita, NCC kuma ita ke kula da na kasuwanci da amincewa da irin na'urar. A yanayin tsaron Filato ka san shingaye nawa ne tsakanin Mangu da Jos, a ga oba-oba a motarka ba takarda ranar ba za ka kai dankali kasuwa da wuri ba. A ajiye kwafi a kowace mota, kuma kar wanda ya sa a saita masa mitar jami'an tsaro wai don jin labari.

Ɗan Farin Gada: Na gode shugaba, wannan ma za mu bi. To yanzu dai na fahimta zan gyara waya da eriya da fitila, rediyon Hilux kuma zan canza shi tunda yana kurmancewa a gari. Tsofaffi 'yan Kwatano fa Oga mai shago, irin Motorola GM ɗin nan da nake gani?

Mai Shagon Oba-oba: GM300 da GM338 da ire-irensu tsofaffi ne amma ƙarfe ne, kunnensu na da kyau. Sai dai ka kula da abu uku, na VHF daban na UHF daban ba a juya ɗaya ya zama ɗaya, ka duba lambar jiki ta dace da mitar da aka ba ka. Sannan sai da kebul da kwamfuta ake saita su, ka tabbatar akwai mai yi maka a Jos kafin ka biya, wasu ma an kulle su da lambar sirri daga inda suka fito. Na uku jabu sun yi yawa, kwali da tambari kamar gaske, ka ɗaga ka ji nauyi, ka sa a jona a gwada a gabanka kusa da hasumiya ba a cikin lungun shago ba. Ka zo da motar ma a gwada a kanta inji na aiki.

Riwayan Dilimi: Kanta biyun fa Alhaji, batir bibbiyu ne ko? Ta ina aka ba rediyon wuta?

Ɗan Farin Gada: Eh 24 ne. Ɗaya an ja daga batir guda, ɗayar kuma akwai wani ɗan akwati da aka sa mai sauke wuta.

Riwayan Dilimi: Wadda aka ja daga batir guda a cire, yana sa ɗaya ya dinga ƙarewa ɗayan na shan caji fiye da kima, ƙarshe ka sayi batir biyu. Ɗan akwatin kuma shi ma irin aikin caja yake yi, in mara filta ne zai yi maka abin da cajar Hajiya ke yi. A nemi mai sauke 24 zuwa 13.8 wanda aka yi don rediyo, mai ɗaukar amfiya 15 ko 20, a ɗaure jikinsa da bodi. Ka kawo Hilux ɗin tukun gobe bayan azahar in auna altanetar, Kanta kuma sai ranar da ba su da lodi don aikin zai ci yini, ka taho da rediyon shagon ma mu ji ko inbatar solarku na yi masa irin haka.